Yadda Aka Bar Ni da Babin Ƙarshe

A shekarar da aka yanke mana layin waya ina koyar da Turanci a wata makarantar sakandare a Isa. Gidanmu yana Sabon Birni, amma 'yan bindiga sun lalata hanya, har ta kai mutum kan yi wata da watanni bai leƙa gida ba. Ranakun aiki ina aji. Asabar da Lahadi da safe kuma ina taimakawa a Islamiyyar unguwar da nake haya, ina koya wa manyan ɗalibai nahawu, domin gidanmu gidan karatu ne, a gaban baffana na tashi. Ban da wannan babu abin yi. Wayar da muka saba dannawa ta koma fitila da agogo.

Akwai wani ɗan bautar ƙasa da aka turo mana daga kudu, bai daɗe ba iyayensa suka matsa masa ya koma. Ya tafi cikin gaggawa, ya bar kwalin littattafai a ɗakin malamai, ya ce duk mai so ya ɗauka. Yawancinsu na jarrabawa ne. A can ƙasa na ci karo da wani mai kauri wanda gefensa ya naɗe don yawan hannu. A bangonsa akwai zanen wata mata da shuɗin mayafi tana riƙe da jariri, irin wanda ake yi a majami'un Turai. Na juya bayansa na karanta, ashe ƙagaggen labari ne na kisan kai, a wani birnin Italiya da aka gina a kan ruwa, ɗaruruwan shekaru da suka wuce, zamanin da masu zane suke da daraja a can har sarakuna da manyan coci na rububinsu.

Na nuna wa abokina, malamin tarihi a makarantar. Mutumin Kamarawa ne, amma a zauren baffana ya yi karatu. Tabarma ɗaya muka zauna, kwano ɗaya muka ci, mahaifiyata ɗanta take kiransa. Allah ya ba shi baki. Idan yana ba da labarin yaƙin da aka yi kafin a haifi kakansa, sai ka rantse yana wurin. A tsaye ya karanta shafukan farko, ya ɗago kai ya ce wannan ba littafin mutum ɗaya ba ne, zalunci ne a karanta shi a ɗaka alhali ga jama'a can zaune suna kallon juna.

Jama'ar da yake nufi su ne 'yan majalisar da ke taruwa bayan la'asar a gindin dogon yaron da ke ƙofar shagon wani tela. Muka tsara cewa ni za ni riƙa karanta Turancin da ƙarfi, shi kuma ya riƙa juya shi da Hausa. Shi ne ya kawo sharaɗin cewa kada ɗayanmu ya leƙa gaba, mu ji komai tare da mutane, don kada fuskarmu ta tona abin da ke tafe. Muka yi musafaha a kan haka. Damina ce, ɗakina yana yoyo, sai muka bar littafin yana kwana a wurinsa. Bangon kuwa na lulluɓe shi da takardar buhun siminti, saboda na san garinmu.

Labarin na wani babban mai zane ne da aka ba aikin ƙawata bangon wata majami'a. Ya kusa gamawa aka tsinci gawarsa a ƙarƙashin katakon da yake hawa, an ba shi guba. Wani likita amininsa ya ɗauki alwashin gano wanda ya yi. Da ya duba zanen sai ya lura a cikin taron mutanen da aka zana akwai fuska ɗaya da aka shafe da sabon fenti bayan mutuwar mai zanen. Wanda ya shafe fuskar shi ya yi kisan, haka likitan ya yanke. Waɗanda ake zargi kuwa ga su nan birjik: attajirin da ya ba da aikin, da wani babban limamin coci, da wani mai zane abokin gaba, har da matar mamacin.

Ranar farko 'yan majalisa ne kawai. Kafin mako ya zagayo sai da tela ya aro benci. 'Yan kabu-kabu kan kashe babur su tsaya, fasinja na kira suna cewa a jira. Abokina ba fassara kawai yake yi ba, kowane mutum a labarin ya ba shi murya. Idan aka zo inda mutane ba su gane ba ya tsaya ya yi bayani: yadda ake niƙa duwatsu a fitar da launi, yadda ake kwaɓa shi da kwanduwar ƙwai, yadda ake zane a kan danyen shafe kafin ya bushe, wanda in ka yi kuskure sai dai a kankare. Wata rana ya ɗauki tsinke ya zana a ƙasa yadda hanya ke tsukewa idan ta yi nisa, ya ce wannan dabarar ce masu zanen zamanin suka gano har bango ya zama kamar ɗaki mai zurfi. Tela shi abin da ya ɗauke masa hankali shi ne wani shuɗi da aka ce ya fi zinariya tsada. Ya dinga tambaya wane irin shuɗi ne, ya fi na rini? Sai abokina ya yaye takardar simintin ya nuna masa mayafin matar da ke bango. Littafin ya zaga hannu zuwa hannu kafin ya dawo.

A ranar ne wani ya tambaya ko ya halatta mu zauna muna sauraron zancen masu zana mutane. Abokina ne ya amsa, ya ce mu labari muke ji, ba zane muke yi ba, kuma sanin yadda wasu al'umma suka rayu ba laifi ba ne. Aka gyaɗa kai aka ci gaba.

Cikin masu zuwa akwai wani dattijo ɗan Gatawa. 'Yan bindiga sun kore su daga gonakinsu, yana zaune gidan surukinsa a Isa. Bai cika magana ba, sai dai ya zauna a gefe yana murza carbi. Da aka fara gardamar wa ya yi kisan, wasu na cewa attajirin ne, wasu na cewa matar ce, sai ya ce shi bai san Italiya ba, amma ya san ba a shiga gida a yi ɓarna sai da ɗan gida. Ya ce a dubi wanda ya san lokacin da mai zanen ke cin abinci da inda yake ajiye ƙoƙonsa. Babu wanda ya yi dariya, don kowa ya san daga inda maganar ta fito.

Sai kuma ga wani mutum ya shigo labarin wanda ya sauya mana komai. Bafatake ne baƙar fata, marubucin ya ce daga ƙasashen bayan hamada ya fito. Yana sayar da jar fatar akuya da shuni, shi ke kawo wa mai zanen wasu launukan. Musulmi ne, yana salla a kan rufin masaukinsa, ba ya shan giya, kuma duk birnin an san ba ya tauye mudu. Ranar da na karanta wurin jar fatar, majalisa ta ɗauki hayaniya. Tela ya ce ai wannan fatar tamu ce, daga nan ake kai ta. Wani ya ce tunda ta Azbin ya bi, Bagobiri ne, babu tantama. Abokina ya ba shi muryar mutanenmu, yana sa masa "wanga" da "mi kac ce", mutane na faɗuwa da dariya. Daga ranar ba a ƙara kiransa bafatake ba, sai "namu".

Namu shi ne ya zama hannun daman likita. Shi ya gane irin gubar, shi ya raka shi cikin kwalekwale zuwa unguwannin da ba a shiga, shi ya tsamo shi daga ruwa da aka tura shi. Akwai babin da yake ba da labarin garinsu, da gero idan ya yi kai, da mahaifiyarsa da bai san ko tana raye ba. Dattijon Gatawa ya sunkuyar da kai har aka gama. A lokacin da duk labarin da ake ji game da yankinmu na kisa ne da satar mutane, ga wani Bature can ya zauna ya rubuta mutuminmu da mutunci. Na ji ina ƙaunar marubucin nan da ban taɓa gani ba.

Haka muka ci makonni, har gero ya fara nuna. Saura babi ɗaya. Muka sa ranar Alhamis, kowa ya ce ko ana ruwa zai zo.

Da na iso bayan la'asar mutane sun fi na kullum, har da waɗanda ban taɓa gani ba. Abokina babu shi. Tela ya miƙo mini littafin, ya ce da hantsi ya kawo, ya ce ana nemansa a Kamarawa, ya sami motar da za ta bi rakiyar jami'an tsaro, kada a jira shi. Na so a ɗaga, mutane suka ƙi. Wani ya ce shi yau ya bar ciyawa a gona saboda wannan. Sai na zauna, ina karantawa ina fassarawa da kaina, ba murya, ba ado.

Likita ya tara kowa a gaban bangon. Ya ɗauki wuƙa ya fara kankare sabon fentin a hankali. Idona ya riga bakina isa ƙasan shafin, na ga abin da ke zuwa. Fuskar da ke ƙarƙashi ta bafataken ce. Marubucin ya ce mai zanen ya saka fuskarsa a bangon coci ba da saninsa ba, bafataken kuma saboda addininsa ya hana hoto sai ya zuba masa guba a cikin abin sha, ya dawo ya shafe fuskar. Duk taimakon da ya yi wa likita don ya karkatar da shi ne. A shafi na ƙarshe an rataye shi, mutanen birni suna murna, likita ya koma gida ya ci abinci da matarsa.

Na tsaya. Na yi tunanin in sauya, in ɗora wa attajirin, wa zai sani? Amma ban iya ƙirƙira a tsaye ba, kuma shiruna ya riga ya yi tsawo, idanu duk suna kaina. Na faɗi abin da ke rubuce, kalma bayan kalma.

Da na rufe littafin babu wanda ya motsa. Can tela ya ce in sake dubawa, wataƙila Turancin ne ya ruɗe ni. Na ce ban ruɗe ba. Ya ce mutumin da ya ci abinci da kai shekara da shekaru, in ka zana shi bai so ba, ai magana zai yi maka, ko ya ɗauki kayansa ya bar garin, wane ne ke kashe mutum a kan haka? Wani ɗan kabu-kabu ya ce ashe tun farko an sa mu so shi ne don a ƙarshe a nuna mana ko na kirkinmu makashi ne. Dattijon Gatawa ya miƙe ya kaɗe rigarsa.

"Wanga marubuci bai san mu ba," in ji shi. "Ya aro rigarmu ne ya sa ma wani."

Abin da nake ji ke nan ni ma, sai dai ni da bakina aka yi aikin. Na koma ɗaki ina jin kamar an aike ni da saƙo a rufe, na kai, aka buɗe a gabana aka tarar zagi ne. Na ƙagu abokina ya dawo mu yi fushin tare, domin shi kaɗai zai gane daidai inda marubucin ya yi ha'inci.

Ya dawo ranar Asabar, na ji a bakin mutane, amma bai neme ni ba. Ranar Litinin a makaranta muka gaisa a tsaitsaye, ya ce yana da aji. Kafin nan magana ta riga ta bar gindin dogon yaro, kuma ta sauya kama a hanya. Waɗanda ba su taɓa zama a majalisar ba su suka fi kowa sanin abin da ya faru. Aka ce wani malami yana tara mutane yana karanta musu littafin coci. Aka ce ya nuna musu hoton gunki. Aka ce ya ce Musulmi makasa ne. Ranar Asabar ta gaba na shiga ajina na Islamiyya na tarar rabin ɗalibai ba su zo ba.

Na'ibin limamin unguwa shi ne shugaban kwamitin Islamiyyar. Mutum ne mai natsuwa, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, kuma ɗiyarsa, malama ce a firamare, ita abokina ke nema, an sa biki bayan kaka. Ya aiko a kira ni zaurensa bayan azahar. Na tarar da 'yan kwamiti a zaune, ga abokina a gefen dama. Da na gan shi sai hankalina ya kwanta, na ce a raina to ga wanda zai yi bayani ya fi ni.

Na'ibi ya tambaye ni, na faɗi komai yadda ya faru, tun daga kwalin ɗan bautar ƙasa har babin ƙarshe. Na ce ƙagaggen labari ne, ba littafin addini ba, kuma ni ma ƙarshensa ya ɓata mini rai kamar kowa, da na san haka yake da ban fara ba. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya juya wurin abokina ya ce an ce da shi aka fara.

Abokina ya gyara zama. Ya yi magana da muryar nan tasa mai daɗi, a hankali.

"Allah shi gafarta malam, da ni anka fara, ba ni musu. Amma da na duba gaba nig ga abin da ke ciki, sai na janye jikina. Na ja kunnenshi kuma, na ce a bari. Bai ji ba."

Na dube shi. Ban fara jin zafin ƙaryar ba tukuna, abin da ya fara shiga kaina shi ne kalmar "na duba gaba". Ashe ya sani. Ashe tafiyar Kamarawa ba nemansa ake ba. Na tambaye shi yaushe ya ja kunnena, a ina, gaban wa. Bai ɗago ba, ya ce ba ya son jayayya a gaban manya. Wani ɗan kwamiti ya ce in yi haƙuri in bar shi, ai ya faɗi nasa. Aka kawo zancen hoton, aka ce wa ya nuna. Na jira ya yi magana. Ya ci gaba da kallon tabarma. Ni kuma na kasa buɗe baki in ce shi ne, ban san dalili ba har yau, wataƙila ina jiran ya tuna ko ni wane ne a wurinsa.

Ana cikin haka aka yi sallama. Dattijon Gatawa ne, ba wanda ya kira shi, ya ji ne ya taho. Ya zauna a bakin ƙofa ya ce shi yana wurin tun makon farko, su biyu suka yi karatun, kuma wanda ya fi zaƙewa ba shi ake tuhuma ba. Aka ce masa an gode, Baba, Allah ya saka da alheri, amma magana ce ta kwamiti. Baƙo ne a garin, ba gona, ba gida, maganarsa ba ta da inda za ta tsaya. Tela bai zo ba. Daga baya ya ce mini in yafe masa, mutanen da ke zauren su ne masu kawo masa ɗinki.

Aka yanke cewa in dakata da koyarwa a Islamiyya har magana ta kwanta. Na'ibi ya nemi littafin, na je na ɗauko na ba shi. Ban san abin da aka yi da shi ba.

Washegari da safe na tafi ɗakin abokina kafin ya fita. Yana goge takalmi. Ya ba ni kujera, na ƙi zama. Na tambaye shi tun yaushe ya karanta ƙarshen. Ya ce tun muna tsakiya, ranar da aka tsamo likita daga ruwa, ya kasa haƙuri. Na lissafa a raina: duk babin garinsu da gero da mahaifiya, duk dariyar da ya sa mutane suka yi da muryar namu, yana yi ne ya san igiya na jiran mutumin. Na ce me ya hana ya gaya mini, mu san yadda za mu yi, ko mu ce shafukan ƙarshe sun yage? Ya ce ya ji kunyar ya karya sharaɗin da shi ya kawo, kullum yana cewa gobe, har ranar ta zo, sai ya ga mota.

Wannan da zai tsaya nan da na iya haɗiye shi. Na ce to zauren fa?

"Kai ɗan gidan malamai ne," ya ce. "Komi anka hwaɗa bisa kanka, sunan Baffa na wanke ka. Ni wa gare ni? In malam ya hana ni ɗiyatai, ina za ni sa kaina? Na ɗauka za ka gane."

Ya faɗi haka yana kallona ido cikin ido, kamar wanda ya ari gatarina bai tambaya ba. Na ga da gaske yake, ya riga ya auna ya ga ni zan fi shi iya ɗaukar kayan, sai ya ɗora mini. Na juya na fita.

Labari ya riga ni isa Sabon Birni. Baffa ya aiko in zo, na bi motocin ranar kasuwa. Na same shi a zaure bayan ɗalibai sun tashi, ya tsufa ƙwarai a lokacin, idonsa ya fara rauni. Ya sa na ba shi labarin littafin tun daga farko, har yana tambayar yadda ake gina gida a kan ruwa. Da na kai ƙarshe ya ce marubucin ya zalunci bafataken, kuma ni na yi wauta da na karanta wa jama'a abin da ban san ƙarshensa ba. Na karɓi wannan. Sannan na gaya masa abin da ya faru a zauren na'ibi, ina jiran ya ce zai aika a kira abokina, ko ya rubuta wa na'ibi, domin suna girmama shi.

Baffa ya ce abokina ma ɗansa ne kamar ni, a hannunsa ya sauke. Ya ce tsoro ne ya kama shi, kuma in aka tona shi yanzu auren zai lalace, yarinyar da ba ta san komai ba ita za ta sha kunya. Ya ce in yi haƙuri in rufa masa asiri. Na ce Baffa, ni fa wa zai rufa nawa? Ya ce Allah. Na san gaskiya ya faɗa, amma na fito daga zauren nan ina jin an sake barina ni kaɗai a gaban jama'a.

Bayan kaka aka ɗaura auren. Baffa ba ya iya tafiya, sai ya ce ni za ni wakilce shi. Na sa babbar riga na je, na zauna a sahun gaba, na karɓi goro da alewa a madadinsa. Na'ibi ya riƙe hannuna ya ce in gai da malam. Ango ya zo ya rungume ni a gaban mutane, yana ƙamshin turare, ya ce ya san ba zan ƙi zuwa ba. Na ce saƙon Baffa na kawo.

Ba a sake kirana Islamiyya ba, ni ma ban tambaya ba. Majalisar tela ta koma yadda take, ana zancen taki da hanya. Idan na wuce mukan gaisa, amma ban ƙara zama ba. Dattijon Gatawa ne kaɗai kan biyo ta ɗakina wani lokaci, ya zauna mu sha shayi, ba ya tayar da zancen. Da shekara ta zagayo na nemi canjin wurin aiki, aka mayar da ni wata makaranta kusa da gida.

Shekarun baya kaɗan Baffa ya rasu. Rana ta biyu ta zaman makoki sai ga abokina ya zo daga Isa, ya yi ƙiba, an ba shi mataimakin shugaban makaranta. Ya yi kuka na gaske, na gani, domin yana son Baffa. Ya shiga ciki ya gai da mahaifiyata, ta sa masa albarka, har yau ba ta san abin da ya shiga tsakaninmu ba. Ya fito ya zauna kusa da ni, muna amsa gaisuwa tare kamar 'ya'yan gida ɗaya. Da zai tafi na raka shi tasha, don haka ake yi. A hanya ya rage murya ya ce na san halin da yake ciki a wancan lokacin. Na ce na sani. Ya jira in ƙara wani abu, ban ƙara ba. Sai ya tambaye ni ko mun sami ruwa sosai bana, na ce alhamdu lillahi, sai dai gonakin nesa ba a nome su ba. Mota ta cika, ya shiga, na ce ya gai da iyali. Na juya na koma gida, don akwai mutanen Kurawa da suka iso ta'aziyya suna jira.